Sauka zuwa kogin Kolorado da fitowa a yini ɗaya a watan Yuli: amsa ga wani ƙanena

Wani ƙanena da ke karatu a jihar Ohayo ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaya, ni da abokaina biyu muna son zuwa Grand Canyon a hutun watan Yuli. Shirinmu mu sauka ta hanyar South Kaibab da sassafe, mu taɓa ruwan kogin, mu hau ta Bright Angel mu fito kafin magariba. Shekarata 24, ina buga ƙwallo duk mako, kuma a Sakkwato na tashi, zafi ba baƙona ba ne. Me ya kamata mu ɗauka?"

Ƙanena, kayan tafiya ka tambaya, amma babu abin da za ka zuba a jaka da zai gyara wannan shiri. Kada ku yi shi a Yuli. A Arizona nake zaune, aikin jinya nake yi a sashen gaggawa, kuma na sha bin hanyoyin nan biyu a sanyi da zafi. Grand Canyon ƙaton kwazazzabo ne a nan Arizona, gandu ne na ƙasa, kogin Kolorado kuma yana bi ta can ƙasansa. Hukumar gandun da kanta tana gargaɗin kada a sauka kogi a fito a rana ɗaya, musamman daga Mayu zuwa Satumba. Na san gargaɗin hukuma ba ya shiga kunnen saurayi mai jin ƙarfi, don haka bari in warware maka dalilan, kai ma ka auna da kanka.

Wanda zai hau tsauni da wahala yake farawa. Yana hawa da ƙarfinsa cikakke, da ruwansa cike da gora, in ya ji ba zai iya ba sai ya juya, gangara ta kawo shi gida. Kwazazzabo akasin haka ne. Sauƙin ne a gaba, wahalar tana jiranka a baya. Ana shiga South Kaibab daga tsayin mita 2,200 da 'yan kai daga matakin teku, kogin kuwa yana wajen mita 740. Wato za ku gangara kusan mita 1,460 cikin kilomita 11. Daga can ku hau mita 1,340 cikin kilomita 15 ta Bright Angel. Jimlar tafiyar ta haura kilomita 26, kuma duk hawan yana zuwa ne bayan ƙafa ta riga ta gaji. A bakin hanya akwai allon da ke cewa sauka ganin dama ce, hawa kuwa dole. Lissafin da ma'aikatan gandun ke ba kowa shi ne duk awa ɗaya ta sauka awa biyu ce ta hawa, kuma ban ga abin da zan rage a wannan lissafi ba.

Zafin ma a kife yake. Inda za ku kwana a bakin kwazazzabon ta kudu, itatuwa ne da iska mai daɗi, da asuba har sai ka nemi rigar sanyi ko a tsakiyar Yuli. Da rana zafin wurin bai cika wuce digiri 29 ko 30 ba. Amma duk mita 100 da ka gangara, zafi na ƙaruwa da kusan digiri ɗaya. A Phantom Ranch, masaukin baƙi da ke can ƙasa kusa da kogi, matsakaicin zafin rana a Yuli digiri 41 ne, kuma akwai ranakun da yake kaiwa 46 har 49 a inuwa. Abin da ke yaudarar mutane ke nan: suna yanke shawara a sama, inda jiki ke jin daɗi, a kan wurin da ba su taɓa jin zafinsa ba.

Yanzu mu bi shirinku awa-awa. A ce kun shiga hanya ƙarfe biyar na safe. South Kaibab a kan ƙashin bayan tudu take, ko'ina a buɗe, shi ya sa ta fi kowace hanya kyan kallo, shi ya sa kuma inuwa kaɗan ce, babu ko ɗigon ruwa daga sama har kogi. Za ku wuce Cedar Ridge kuna raha, ku wuce Skeleton Point kuna ɗaukar hoto, a can ne ma za ku fara hango kogin, kore shar a ƙasa. Wajen tara ko goma kun ratsa ɗan ramin da aka fafe cikin dutse kun hau baƙar gada. Kun iso, kuna murna. To a daidai lokacin ne kwazazzabon ke fara dahuwa. Ku huta, ku ci abinci, ku cika gora, sha ɗaya ta yi. Daga nan akwai tafiya a gefen kogi, wani wurin cikin yashi mai cin ƙafa, sannan ku shiga wani hawa mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake kira Devil's Corkscrew. Duwatsun wurin baƙaƙe ne, daga cikin mafi tsufa a kwazazzabon, shekarunsu sun kai biliyan 1.7. Tun safe suke shan rana, da azahar kuwa sai su riƙa mayar maka da ita ta ƙasa da ta gefe, kamar an ɗora ka a kaskon tuya. Na taɓa dafa dutsen wurin da tafin hannu don in gyara takalmi, ban iya barin hannun a kai ba. Shirinku ya ajiye ku a wannan wuri tsakanin sha biyu da biyu na rana, a lokacin da hukuma ke cewa kowa ya nemi inuwa ya zauna, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma.

In Allah Ya sa kun kai Havasupai Gardens, inda akwai itatuwa da rafi da famfo, za ku ɗaga kai ku ga bakin kwazazzabon kamar ku miƙa hannu ku taɓa. Ganin Dala ba shiga birni ba. Saura kilomita 7 da mita 925 na hawa, kuma mafi tsananinsa yana can ƙarshe, inda iska ta fi ƙaranci.

Maganar Sakkwato ita ce ta fi damuna a wasiƙarka, don ita ce za ta sa ka ƙi jin magana. Gaskiya ne ka san digiri 43 a watan Afrilu. Amma ka tuna abin da mutanen garinku ke yi a irin wannan rana. Manomi ya shiga gona da asuba ya fito kafin rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, kowa ya nemi gindin dalbejiya ko zaure har la'asar. Ba wanda ke goya kaya ya hau tudu na awa bakwai da tsakar rana. Abin da ka gada daga Sakkwato sanin yadda ake kauce wa rana ne, shirin naka kuma ya saɓa masa. Ban da haka, sabon da jiki ke yi da zafi ba ya zama dindindin. Jiki na ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu yana aiki cikin zafi kafin ya koyi fitar da gumi da wuri da rage gishirin da ke bin gumin, in kuma aka bar zafin, cikin 'yan makonni sabon ya tafi. Kai da ka yi hunturu a Ohayo, kana fita daga ɗaki mai na'urar sanyi ka shiga aji mai na'urar sanyi, jikinka na ɗan Ohayo ne yanzu. Sannan Sakkwato ba ta kai mita 400 daga matakin teku ba. Bakin kwazazzabon ya fi Jos tsayi nesa ba kusa ba, ya ɗan gaza ƙololuwar Chappal Waddi ta Taraba, wadda ta fi kowane tsauni tsayi a Najeriya. A wannan tsayi za ka ji numfashinka ya gajarta ko da matakalar otal kake hawa a ranar farko.

Ƙwallo tana ba ka huhu da zuciya, ban musa ba. Abin da ba ta koya wa ƙafa ba shi ne gangara ta awa huɗu ko biyar. Wajen sauka naman cinya ne ke riƙe jiki a kowane taku, yana miƙewa yana ɗauke da nauyi, kuma irin wannan aiki shi ya fi yayyaga tsoka. Hanyar cike take da matakalai na gungumen itace da ramukan da kofaton alfadarai ya haƙa, kowane taku sai ka diro. Ba ka jin komai sai ka zauna a bakin kogi na rabin awa ka zo tashi, ka ji cinyoyin sun zama itace. Da waɗannan cinyoyi za ka hau.

Akwai wata tambaya da zan yi maka wadda allunan gandun ba za su yi ba: ka san jininka, AA ne ko AS? Abokan tafiyarka fa? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma yawancinmu sai za a yi aure ake tunawa da gwajin. Mai AS lafiyayye ne, yana ƙwallo, yana aikin soja, ba abin da ke hana shi. Amma akwai abubuwa huɗu da in suka haɗu suke iya sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi: aiki mai tsanani, zafi, ƙarancin ruwa a jiki, da tsayin wuri. Tafiyar da kuka tsara ta tara duka huɗun. Abin da ke biyo baya shi ne tsoka ta fara narkewa ta cutar da ƙoda, ko saifa ta kamu, mutum ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Saboda irin wannan ne tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta sa manyan jami'o'i su riƙa tantance 'yan wasansu. Ka je asibitin makarantarku a duba, ba wani abu ne mai tsada ba. In AS ne, ba cewa na yi kada ka je ba. Ka je a lokacin sanyi, ka kwana biyu a sama kafin ka sauka, ka yi tafiyarka a hankali, kuma ƙafa ta yi maka nauyi da ciwo ba tare da ta ɗaure ba, ka tsaya nan take. Wanda yake da sikila cikakkiya kuwa, ya tsaya a bakin kwazazzabo ya yi kallo, shi ma sai da shawarar likitansa.

Sai ruwa. Kowa ya san a sha ruwa, shi ya sa ma wasu ke cutuwa da shi. A irin wannan zafi mai hawa yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda, ciki kuwa bai iya tsotse fiye da wajen lita ɗaya a awa. Ko ka sha yaya, bashi kake ci. Iskar wurin a bushe take, gumi na ƙafewa kafin ka gan shi, sai dai ka ga farin zane na gishiri ya fito a bakin hularka da inda igiyar jaka ta bi ta kafaɗa. Wannan farin shi ne abin da ruwa zalla ba ya mayarwa. Mutum ya ji tsoron ƙishirwa, ya yi ta ɗura ruwa lita bayan lita, zafi kuma ya kashe masa sha'awar abinci, sai gishirin jininsa ya tsinke. Kai ya yi ciwo, zuciya ta tashi, ya yi amai, hankali ya fara gushewa, wani har farfaɗiya. Abokansa su ga haka su ce ƙishirwa ce, su ƙara masa ruwa, su ƙara masa ciwo. Bambancin da zai taimake ka a kan hanya shi ne fitsari. Wanda ruwa ya yi wa kaɗan, fitsarinsa kaɗan ne kuma ja. Wanda ruwa ya yi wa yawa yana ta zagayawa, fitsarin fari tas, cikinsa na ƙugi da ruwa, yatsunsa sun ɗan kumbura. Wannan na biyun a dakatar da ruwan, a ba shi abu mai gishiri. In kuwa fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan an sha ruwa isasshe, tsoka ce ke narkewa, maganar asibiti ce, kuma kada a sha ibuprofen ko danginsa a kai, ƙoda suke ƙara wa nauyi.

Don haka kowane tsayawa ka sha ka ci. Gyaɗa mai gishiri, biskit mai gishiri, dabino, ƙuli-ƙuli in kana da mai aiko maka. Garin gishiri da sukari na ƙunshi, irin wanda ake dama wa yaro mai gudawa, yana aiki sosai, kuma ana samun irinsa a kowane kantin magani a nan. Ka ci ko ba ka jin yunwa, ka ci kusan ninkin abin da ka saba.

Famfunan hanyar ma ba abin dogaro ba ne ido rufe. Duk ruwan da ake sha a gefen kudu daga wani marmaro yake zuwa a gefen arewa, Roaring Springs, ta bututu mai tsawon kilomita 20 da aka shimfiɗa a shekarun 1960, ya ratsa ƙarƙashin farar gada, ɗaya gadar da ke kan kogin, ya haura. Bututun ya tsufa, yana yawan fashewa. A ƙarshen Agustan 2024 sai da aka dakatar da kwanan baƙi a otal-otal ɗin cikin gandun na wasu kwanaki saboda fashewarsa. Tun 2023 ake aikin sauya shi, kuma aikin kan sa a rufe wasu sassan Bright Angel da hanyar bakin kogi na tsawon watanni. Gefen arewa kuma gobarar daji ta Yulin 2025 ta cinye tsohon masaukinsa ta jawo rufe hanyoyi. Saboda haka duk ranar da za ka shiga, ka duba shafin hukumar gandun a daren, ka kuma tambayi ma'aikaci da baki wane famfo ke zuba. Rumfunan hutawa biyu na sama a Bright Angel, na kilomita 2.4 da na kilomita 4.8, ruwansu na lokacin zafi ne kawai, ana kashe shi in sanyi ya shigo don kada bututu ya daskare.

Alamomin da nake so ku haddace ku uku kaɗan ne. Wanda zafi ya galabaitar, fuska ta koɗe, fata ta yi sanyi da danshi, jiri, jijiya na ɗaurewa, amma yana cikin hankalinsa: inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a jiƙa shi, ya ci ya sha, ya huta aƙalla rabin awa zuwa awa guda. Wanda ya fara magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko ya kasa faɗin inda yake, a ɗauka zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kada a jira gumi ya ɗauke, wani yana gumi har ya faɗi. A kwarara masa duk ruwan da za a iya, in akwai rafi a kwantar da shi ciki ana riƙe da kansa, a yi ta fifita, ɗaya ya tafi neman taimako. Sanyaya shi ne maganin, kuma mintuna ake ƙirgawa. Wayar salula ba ta cika kamawa a ƙasa ba, sai wayoyin gaggawa da aka kafa a wasu rumfuna. Ana ceto sama da mutum 250 daga kwazazzabon kowace shekara, amma kada ka sa jirgi mai saukar ungulu cikin lissafinka. In zafi ya tsananta iska kan rage kauri har ya kasa tashi da kaya, ma'aikata kuma kaɗan ne, wata rana kira ya yi musu yawa.

Shekaru da dama hukumar tana liƙa hoton wata ɗalibar likitanci a bakin hanyoyi. Shekararta 24, kamar kai. Ta yi gudun famfalaki na Boston, kilomita 42, cikin awa uku da 'yan mintuna. A Yulin 2004 ta shiga kwazazzabon da abokin tafiya, da ruwa lita ɗaya da rabi, ba taswira, suna zaton hanyar ta fi yadda take gajarta. Ruwa ya ƙare, abokin ya kasa, ta bar shi a inuwa ta tafi neman taimako. Shi ya rayu, ita aka tsinci gawarta. Yawancin waɗanda ke shiga irin wannan hali ba tsofaffi ba ne ko masu ƙiba, don su suna juyawa da wuri. Masu ƙarfi ne, waɗanda ƙarfinsu ke isa ya kai su can ƙasa.

To me za ku yi a Yuli, tunda hutun ke nan? Ku je, wurin ya cancanci zuwa. Ku kwana a sama, ku hau motar safa ta gandun ta farko, don ba a barin motar gida a mashigar South Kaibab. Ku sauka zuwa Cedar Ridge, kilomita 2.4, gangarar mita 340, ku ga fitowar rana tana bin jajayen duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ku juyo. Kafin tara kuna sama kuna karin kumallo. A lokacin zafi hukuma ba ta son a wuce nan, ni ma haka. Washegari in jiki ya amsa, ku bi Bright Angel zuwa rumfa ta biyu, gangarar mita 645, da sharaɗin kun shiga kafin rana ta fito. Wannan ya ishe ku sanin abin da nake nufi da hawa. Ku sa agogo: in kuna da awa shida, awa biyu ta cika ku juya ko ina kuke, ko da jiki na cewa a ci gaba. Jikin zai ce a ci gaba, don gangara yake yi. Ku kuma sani Yuli zuwa farkon Satumba damina ce a nan. Hadari kan haɗu da rana tsaka, tsawa na sauka a bakin kwazazzabo, kuma ruwan da aka yi a nesa kan taho ta busasshen kwari ba sallama. Kun ji rugugi, ku bar kan tudu da gindin itace tilo, kada kuma ku fake a cikin kwari.

Kogin kuwa ku ajiye shi sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, ko Maris zuwa tsakiyar Afrilu, kuma ku kwana a ƙasa. Kwana a sansanin Bright Angel ko Havasupai Gardens sai da takardar izini, ana nemanta ta shafin Recreation.gov watanni kafin tafiya, da ƙuri'a ake rabawa. Ɗakunan Phantom Ranch, waɗanda Mary Colter ta zana aka buɗe a 1922, ƙuri'arsu sama da shekara guda ake shiga kafin lokaci. Tsarin da na fi so kwana biyu ne: ranar farko sauka ta South Kaibab, ta biyu hawa zuwa Havasupai Gardens kawai, ta uku a ƙarasa da safe. Masu yin sa a yini ɗaya a lokacin sanyi suna nan, ba na cewa ba ya yiwuwa, amma mutane ne da suka san hanyar suka kuma yi mata horo na musamman. A watannin hunturu kuma saman Bright Angel na daskarewa, don rana ba ta cika leƙa shi ba, sai an ɗaura wa takalmi ƙarafan riƙe ƙanƙara.

Zaɓin da kuka yi na sauka ta ɗaya a hau ta ɗaya daidai ne, kada ku juya shi. Dalilin bambancinsu yana cikin tarihinsu. Bright Angel tsohuwar hanya ce ta mutanen Havasupai, 'yan asalin yankin, ta bi wata tsagar ƙasa inda duwatsu suka karye suka ba da mashiga, inda kuma ruwa ke tsattsafowa. Suna noma a wurin da ake kira da sunansu yanzu har aka fitar da na ƙarshensu a 1928, kuma sai a 2022 aka sauya wa wurin suna daga Indian Garden. A farkon ƙarni na 20 wani ɗan siyasa, Ralph Cameron, ya riƙe hanyar yana karɓar dala ɗaya a kan kowane mai wucewa. Bayan an kafa gandun a 1919 aka yi ta ja-in-ja, har hukuma ta gaji ta fasa tata hanyar da nakiya a 1924 zuwa 1925, ita ce South Kaibab. An yi ta ne don a isa kogi da sauri, ba a bi ruwa ba, ba a bi inuwa ba. Baƙar gadar da za ka taka an gama ta a 1928, kuma igiyoyin ƙarfenta a kafaɗa mazan Havasupai sama da arba'in suka sauko da su, a jere, ta wannan hanyar da za ka bi da 'yar jakarka.

Horon da zai amfane ka daga yanzu matakala ce. Ka nemi bene mafi tsayi a makarantarku ko matakalar filin wasa, ka goya jaka mai kilo takwas zuwa goma, ka hau ka sauko da ƙafa, kada ka sauko a na'ura, saukar ce rabin horon. Ka riƙa ƙarawa har ka iya awa biyu. Ƙarshen mako ka yi doguwar tafiya ta awa biyar ko shida da takalmin da za ka je da shi. Sabon takalmi a kwazazzabo bororo ne kawai. Ya zama yana da ɗan sarari a gaba, ka yanke farce kwana biyu kafin tafiya, in ba haka ba gangara za ta yi ta buga yatsunka a hancin takalmi har farcen babban yatsa ya yi baƙi ya fita.

Kayan da ka tambaya ba su da yawa. Ruwa lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum in za a sauka ta South Kaibab, da abin tace ruwa ko ƙwayar tsarkake shi saboda ranar da famfo ya ƙi. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu mai haske. A nan auduga ta fi, saɓanin abin da ake faɗa a tsaunuka masu sanyi, don tana riƙe ruwa: duk inda ka samu famfo ko rafi ka jiƙa rigar da hular sharkaf ka mayar, za ka ji kamar an sauya maka jiki. Sanduna biyu na tafiya suna rage wa gwiwa aiki. Tocilar goshi ko da kana ganin za ka fito da rana, don wanda ke da tocila ba ya tsoron zama a inuwa har la'asar, wanda ba shi da ita kuwa tsoron duhu ke tura shi cikin rana. Filasta, taswirar takarda, da rigar sanyi mara nauyi saboda sama.

In kun haɗu da ayarin alfadarai, hanya tasu ce. Ku matsa ta ɓangaren dutse, ba ta ɓangaren rami ba, ku tsaya cik ku yi shiru, ku bi abin da mai jan ayarin ya ce, har na ƙarshe ya yi nisa. Tsakanin mutane kuma mai hawa ake ba hanya. Kuregun rumfunan hutawa sun saba da mutane, suna buɗe jaka, suna cizo, kuma su ne suka fi kowace dabba a gandun aika mutane wurin likita, sun fi maciji da kunama. Kogin kuma a taɓa shi da hannu kawai. Ruwansa daga ƙasan madatsar Glen Canyon yake fitowa, sanyi ƙarara ko a tsakiyar zafi, ga ƙarfin igiya, ya ci masu iyo da dama. Wanda ke son jiƙa jiki ya shiga ƙaramin rafin Bright Angel kusa da sansani.

Salla ba ta da wuya a hanya, akwai wurare masu faɗi a Cedar Ridge da Havasupai Gardens, sai dai ka yi lissafin ruwan alwala daban da na sha, ko ka yi alwalar inda famfo yake. Azumin nafila kuwa, ko ramuwa, a bar shi sai an fito.

Ku uku ne, to ku yi alkawari tun a mota: tafiyar mafi rauni a cikinku ita ce tafiyar kowa, ba mai wucewa gaba ya ce zai jira a sama, kuma duk wanda ya ce a juya an juya, ba gardama, ba tsokana. Ku bar wa wani a gari sunan hanyar da kuka bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku. In ka samu sakamakon gwajin jinin, ka turo mini da ranakun hutunku na Nuwamba, mu ga ko takardar izinin za ta samu.